Wuƙar Aljihu: Daidai Riga, Daidai Wuƙa

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ƙare wa babbar riga kallo, irin wadda mai aikin hannu ya ɓata wata da watanni a kanta, ya san aikin nan da ake kira aska biyu da babbansa aska takwas, wato sifofin nan masu tsini da ke gangarowa daga wuyan riga su sauka a kan aljihu. Waɗannan askar zare ce, ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, ba ta huda komai. Wadda ke kawo magana ita ce ta ƙarfe, wadda mai rigar ke jefawa cikin wannan aljihu da safe ba tare da ya tambayi kansa ba ko rigar za ta iya ɗaukarta.

Sanin kowa ne cewa ƴar wuƙa mai naɗewa, wadda Faransawa ke kira kanif, ba ta rabuwa da jikin mutane da dama a ƙasar nan. Ɗan kasuwa a Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako ta Yamai, da ita yake yanke igiyar buhu, ya farke kwali, ya tsaga goro. Malamin allo da ita yake feƙe alƙalami. Ma'aikacin da aka tura rangadi kuwa, in mota ta tsaya a Ƙonni ko Dogon Dutsi, ita ce ke fere masa mangwaro, ta ɓare rake, ta rage girman yankan balangu. Kayan aiki ce kamar makulli ko alƙalami, kuma kamar su, ba ta da wani amfani ranar da aka bar ta gida.

To, abin da ke sa a bar ta gida shi ne kuskuren da aka yi tun ranar saye. Mai saye yakan buɗe wuƙa, ya duba tsawon ruwanta, ya gwada kaifin a kan farce, ya yi ciniki, ya biya. Da wuya a ga wanda ya rufe ta ya saka a aljihun rigar da ke jikinsa, ya taka, ya zauna, ya sunkuya, don ya ji yadda take. Alhali kuwa a cikin awa ashirin da huɗu wuƙar aljihu ba ta fi minti biyar ko goma a buɗe ba; sauran rayuwarta a rufe take yin ta, cikin yadi. Saboda haka a rufe ya kamata a auna ta, kuma abu uku ake aunawa: tsawo, da kauri, da nauyi. Kauri shi ke tona asiri, nauyi shi ke ɓata tufa, tsawon da kowa ke kallo kuwa shi ne mafi ƙarancin laifi a cikinsu.

Kafin a zo kan tufafi, ya kyautu a san wuƙaƙen da ake magana a kansu. Wadda ta fi sauƙin kwatance ita ce Opinel, domin da lamba ake sayar da ita kamar takalmi. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a yankin Sabuwa, cikin duwatsun Faransa, a 1890, kuma a 1897 ya fitar da ita girma goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa 12. Lamba 6 ruwanta santimita 7 ne, lamba 7 santimita 8, lamba 8 santimita 8 da rabi, lamba 10 santimita 10, lamba 12 santimita 12. Ƙotarta ta itace ce, mulmulalliya, mai daɗin riƙo, kuma ba ta da nauyi: lamba 8, wadda ta fi kowace farin jini, kimanin giram 45 take yi, wato nauyin tsabar dala ashirin guda shida ko bakwai. Daga lamba 6 zuwa sama akwai zobe a wuyanta da ake murɗawa ya kulle ruwan, wanda aka ƙirƙiro a 1955, aka kuma gyara shi daga baya yadda zai kulle ta har a rufe.

Kishiyarta ita ce Douk-Douk, wadda gidan Cognet ke ƙerawa a garin Tiyer tun 1929. Ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninke biyu, shi ya sa take shafal, kaurinta bai wuce na fensir ba. An yi ta ne don tsibiran Melaneziya, can ba ta samu kasuwa ba, sai ta karɓu a Arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka. Hoton dodon da ke jikinta bai kwanta wa Musulmi masu saye ba, sai kamfanin ya fitar da wata mai suna El Baraka, wadda aka zana wa tambarin nan na azurfar Agadas a jikin ƙota. Lokacin yaƙin neman ƴancin Aljeriya, tsakanin 1954 da 1962, hukumomin Faransa sun hana shigar da Douk-Douk can, kuma sauƙin ɓoyuwarta cikin tufa na daga cikin abin da ya jawo mata.

Ta uku ita ce jar wuƙar nan ta Suwis mai kayan aiki barkatai, ta gidan Victorinox da Karl Elsener ya kafa a Ibak a 1884. Ita da tsawonta a rufe ake kiranta: akwai ta milimita 58, da ta 84, da ta 91, da ta 111. Ƙaramar, mai ɗan almakashi da abin goge farce, giram 21 take yi, nauyin tsabar dala ashirin guda uku. Sai dai ita wannan, duk abin da aka ƙara mata sai ya ƙara mata kauri, har akwai waɗanda suka zama kamar guntun sabulu. Mai saye yakan ruɗu da yawan kayan, ya manta cewa rabinsu, irin su ƙarfen nan mai murɗe na cire toshiyar kwalbar giya, ba abin da Alhaji zai yi da su har wuƙar ta tsufa. Akwai kuma Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902, aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Doguwa ce, ta aikin gona da daji. Sauran da ke zube a faifan ƴan koli galibi kwaikwayon waɗannan ne, kuma da irin ma'aunin nan ake auna su.

Yanzu sai tufafi, kuma da babbar riga ya kamata a fara, don ita ce mai yaudara. Aljihunta mai faɗi ne mai zurfi, yana iya haɗiye Opinel lamba 10, kai har lamba 12, ba wanda zai gani. A duk tufafin maza ita kaɗai ce kauri ba ya tona wa asiri. Amma wannan aljihu a gefen hagu yake, kuma a wuyan riga yake rataye. Duk abin da aka zuba masa sai ya ja wuyan ya karkace, mai rigar ya wuni yana gyara ta a kafaɗa bai san dalili ba, zaren aikin da ke bakin aljihu kuma yana saki kaɗan-kaɗan, har ranar da aska takwas za ta koma kamar an yi ta a kan tsohon buhu. Waya na ciki, makulli na ciki, goro na ciki, ga kuma ƙarfe. Ba rigar da za ta jure wa wannan shekara biyu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. In mutum ya yi ruku'u ko sujada, bakin aljihun babbar riga ƙasa yake fuskanta. Wuƙa mai santsi irin Douk-Douk ko ta Suwis sai ta sulale ta faɗo, kuma wanda wuƙarsa ta taɓa yin ƙara a tsakiyar sahu ranar Juma'a ya san irin kallon da ke biyo bayan sallama. A zamanin da ake ciki na rashin kwanciyar hankali, wannan kallo ba na raha ba ne kawai, yana iya kai dattijo ga amsa tambayoyin da bai shirya musu ba. In dole sai an saka wuƙa a wannan aljihu, to mai ƙotar itace ta fi, lamba 7 ko 8, domin ba ta da nauyi kuma itace na kama yadi. Amma abin da ya fi duka shi ne a tuna cewa ba a sa babbar riga ita kaɗai. A ƙarƙashinta akwai jamfa ko ƴar ciki mai aljihun gefe, kuma gefen rigar a buɗe yake, hannu na shiga ba wahala. Can ne muhallin wuƙa. Aljihun gaba na hankici ne da carbi.

Kaftanin shadda, ko bazan kamar yadda ƴan Yamai ke cewa, shi ne wanda asararsa ta fi ciwo. Gezna ta ainihi daga Buludens ta ƙasar Otiriya take fitowa, kuma tun faɗuwar darajar Sefa a Janairun 1994, lokacin da kayan waje suka ninka kuɗi dare ɗaya, mai iyali ya daina ɗaukar ɗinkin shadda a matsayin abin wasa. Shaddar da ta sha bugu a hannun mabuga tana da tauri da sheƙi, kuma ba ta yafe ƙullutu. Kusurwar wuƙa na goga wuri ɗaya kullum, sheƙin wurin ya dushe, daga baya ya yi laushi, daga nan sai huji. Wannan na wuƙa ce mai tsabta. In kuwa ta baƙin ƙarfe ce, aka yanka mangwaro ko goro da ita aka rufe ba a goge ba, sa'an nan ta haɗu da gumin bazara a watan Afrilu ko Mayu da zafi ke haura digiri 40, to tsatsa za ta fito ta yi wa farar shadda tambari, irin wanda mai wanki ba ya iya fitarwa sai dai ya ba da haƙuri. Masu sanin wuƙa sun fi son baƙin ƙarfe don ya fi saurin ɗaukar wasi, kuma suna da gaskiya. Amma gaskiyar ta mahauci ce da manomi. Mai farin kaftani ya nemi ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake rubuta wa inox a gindin ruwa, gajera, marar kusurwa: Opinel lamba 6, ko ta Suwis mai milimita 84 marar kauri. Wuƙar da kuɗinta bai kai na aikin wuya kaɗai ba, bai dace ta kashe riga sukutum ba. Aljihun ƙirjin kaftani kuwa a bar wa waya da alƙalami, don wuƙa da gilashin waya ba sa zama ɗaki ɗaya lafiya.

Jallabiya ba ta buƙatar dogon bayani. Yadinta sirara ne, aljihunta a sake yake, duk abin da ya fi giram 30 sai ya riƙa lilo yana dukan cinya, ƙarshenta ya farke ɗinkin gindin aljihu. Ƙaramar ta Suwis ko Opinel lamba 5 ta ishe ta. Haka nan wando mai zariya: zariya an yi ta ne don ta riƙe wando, kuma mutumin da ke tafe yana jan wandonsa sama duk taku goma, yawanci aljihunsa ne ya yi masa yawa.

Ga ma'aikacin biro mai kwat da wandon Turawa, lissafin juyawa yake yi. A nan ɗamarar fata na ɗauke nauyi, amma wando a tsuke yake, kauri ba shi da wurin ɓuya. Opinel lamba 8 da ta ɓace cikin babbar riga, in ta shiga aljihun wandon kwastim sai ta fito kamar an ɓoye guntun rake, in an zauna kuma ta kwanta a gicciye ta tokare cinya. Wannan shi ne fagen wuƙa shafal. Ƙaramar Douk-Douk na kwantawa a aljihun ciki na kwat kusa da takardun shaida ba a san tana nan ba, sai dai gefen ƙarfenta na cin shafin ciki in ba a yi mata riga ba, kuma ba ta da makulli, ƙarfe ne mai tsauri a gadon bayanta ke riƙe ruwan, wanda in ya tashi rufewa ba ya jiran yatsa ya kauce. A gaskiya ma aikin da wuƙa ke yi a biro bai wuce buɗe ambulan, da yanke zaren da aka ɗaure takardu, da gyaran farce ba, kuma mai milimita 58 ta gama wannan duka, tana rataye jikin makullan ofis. Akwai kuma maganar ido. Talakan da ya zo neman sa hannu ya riga ya san cewa wanda ke bayan tebur shi ke da wuƙa shi ke da nama. Ba sai an zaro masa ta santimita 10 an buɗe wasiƙa a gabansa ba.

Samari masu wandon jins suna da sauƙi, domin ɗan ƙaramin aljihun nan da ke cikin na dama, wanda tun ƙarni na 19 aka yi shi don agogon aljihu, kamar an auna shi ne da ƙaramar wuƙa. Su ne kuma suka fi son wuƙaƙen zamani masu maƙali a gefe, dabarar da kamfanin Spyderco na Amurka ya fara a 1981. Maƙalin nan don yadi mai kauri aka yi shi. A bakin aljihun shadda cizo yake yi yana tsinka zare, kuma kansa a waje yake, yana shaida wa duk mai ido cewa ga wuƙa nan.

Sai ɗan kasuwa na haƙiƙa, mai lodin albasar Galmi ko wake ko taki, wanda ke wuni tsakanin buhu da igiya da tamfol. Shi ƙaramar wuƙa ba ta yi masa. Yana buƙatar ruwa mai santimita 9 ko 10 da ƙota mai cika hannu, kuma kayan aikinsa na kaki ko wani yadi mai ƙwari suna iya ɗauka. Matsalar tana zuwa ne da la'asar, in ya canza kaya zai tafi ɗaurin aure, ya kwashe abin da ke aljihun kaki gaba ɗaya ya juye a na shadda. Maganin kuwa mai araha ne, wato wuƙa biyu: babba ta zauna a rumfa ko a mota, a ɗaure da igiya ta zoben da ke gindinta don kada yaran shago su yi mata ƙafa, ƙarama kuma ta bi mai gida.

Mutanen da ba su yi wannan kuskure ba, domin tufarsu ce ta tsara musu wuƙa. Wuƙar damtse, wadda Buzaye ke kira telak, kubenta na da zobe na fata da ake zura hannun hagu ciki, ta kwanta a jikin hannu ƙarƙashin faffaɗan hannun riga. Ba ta jan wuya, ba ta dukan cinya, ba ta faɗuwa in an hau raƙumi ko an sunkuya bakin rijiya. Maƙeri da baduku sun auna ta da jikin mai ita da kuma rigarsa. Makiyayi a daji har yau yana da hujjar ɗaura ta, amma a cikin birni, ƙarƙashin hannun kaftani mai maɓalli, ba ta da wurin zama, kuma jandarma a bakin shinge ba kayan tarihi zai ɗauke ta ba.

Mata kuwa, tun da zane ba shi da aljihu, jaka ce ke ɗaukar musu, kuma a jaka girma ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne rufuwa, domin hannu lalube yake yi a cikin jaka, wani lokaci ma hannun yaro ne. A nan ne ya kamata a san halin ƙotar itace. Da damina takan sha laima ta kumbura, ruwan ya ƙi fita sai an buga gindinta a kan wani abu mai tauri. Da hunturu kuwa takan bushe ta saki, ruwan ya riƙa buɗewa da kansa. Opinel daga lamba 5 zuwa ƙasa ba su da zoben kullewa, haka ma yawancin na kwaikwayo. Irin waɗannan, in iskar Disamba ta busar da su, ba a jefa su tsirara cikin jaka ko aljihu.

Akwai tufar da ba ta da aljihu ko ɗaya, ita ce harami, kuma maniyyaci ya fi kowa buƙatar tunawa da wannan tun kafin ya isa filin jirgin sama na Diori Hamani. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka tsananta binciken abin da fasinja ke shiga jirgi da shi. Wasu ƙasashen suna ƙyale ruwan da bai wuce santimita 6 ba, wasu ba sa ƙyale komai, kuma mai bincike ba ya ciniki. Wuƙar da mutum ya gada wurin mahaifinsa na iya ƙarewa a kwandon filin jirgi saboda mantuwar minti ɗaya. Wurinta shi ne babbar jakar da ake aunawa. Masu zuwa saro su san cewa a Faransa yawo da wuƙa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne, a Ingila dokar 1988 ta ƙyale mai naɗewa ce kawai wadda ruwanta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kulluwa, wanda ke nufin zoben Opinel ya fitar da ita daga wannan sassauci, a ƙasar Sin kuma har a ƙofar tashar jirgin ƙasa ana binciken kaya. A nan gida ma, ƙofofin bankuna da manyan ma'aikatu da yawa suna da na'urar gano ƙarfe.

Saura mutum biyu da ba a cika shawartarsu ba, alhali su ne masu magani: tela da baduku. Dukawan Damagaram da na Tawa, waɗanda ke yi wa takobi kube, ba zai gagare su ba su ɗinka wa wuƙar aljihu ƴar riga ta fatar akuya mai laushi, wadda za ta rufe kusurwa, ta tare gumi, ta hana santsi. Sai dai a zaɓi fatar da ba a rina ba, don jar fata in ta jiƙe da gumi takan zuba, ta yi wa farin yadi abin da ake gudu daga tsatsa. Tela kuma yana iya yin ɗan siririn aljihu a cikin aljihun gefe na jamfa ko kaftani, da ƙyalle mai ƙwari ninki biyu, faɗin yatsa biyu ko uku, a jingine da ɗinkin gefe inda yadi ya fi ƙarfi, yadda wuƙa za ta tsaya a tsaye ba ta kwanta a gindin aljihu ba. Aiki ne na ƴan mintoci, kuma ragowar ƙyallen da ke zube ƙarƙashin keke ta isa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a tafi da wuƙar ranar awo, a miƙa masa ita a rufe ya ɗora tef a kanta kamar yadda ya ɗora a kafaɗa.